Mangwaron Malam

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Rubuta, Khadija, tunda ke kika jawo. Jikata ce, tana jami'a. Jiya take ce min wai iskar da muke fitarwa ganye ne ke shanye ta. Wai akwai wani sinadari cikin ganyen, inzayim, shi ke cafke iskar, a haɗa da ruwa da hasken rana ta zama itace, ta zama 'ya'ya. To Malam, maigidana, bara kaf ƙarƙashin mangwaron tsakar gidan nan ya yi jinya, yana tari. Nan ya cika.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bana mangwaron ya yi 'ya'yan da bai taɓa yi ba. Ban iya kallonsu.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Yau Lami matar ɗana ke rubutawa. Ta yanko min ɗaya a faranti, na ce ɗauke, numfashin mutum zan ci? Ta ce Inna, ai har da hayaƙin adaidaitan Gyadi-Gyadi a ciki. Ita dariya. Ni kuwa da azahar, ba iska ko kaɗan, ganyen na motsi. Na ji kamar yadda Malam yake jan numfashi a ƙarshe. Na shige ɗaki na ja labule.

Talata, 15 ga Afrilu

Khadija, na gaya wa babanki a sare mangwaron. Da ma shago yake so a gurin. Ya ce Litinin mai injin yankan itace zai zo daga Darmanawa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na tambayi Khadija, in an sare aka ƙona fa? Ta ce iskar sai ta koma sama ta watse. Ta watse ina? Ta ce ko'ina, Inna. Ran Malam na gurin Allah, na sani, kar ki rubuta kamar ban sani ba. Amma ko'ina ai ba guri ba ne.

Litinin, 21 ga Afrilu

Mai inji ya zo ya tarar da ni kan tabarma a gindin. Babanki ya ce Inna, a gusa. Na ce ƙafata ta riƙe. Suka jira har la'asar, mutumin ya ɗau injinsa ya tafi. Ƙafar ce, haka za ki rubuta. Gobe ma ina jin ba za ta saki ba.