Saura Biyu

Juma'a, 9 ga Disamba 2022, unguwar Muntazah

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma barci ya ƙi zuwa. Ihun 'yan kallon ƙwallo yana shigowa ta taga, kamar ruwan sama a kan kwano can nesa.

Yau da muka gama raba wa leburori abinci a unguwar Najma, Madam Lin ta ja ni gefe. Ita ta kafa ƙungiyar nan tamu ta rabon abinci lokacin korona, da motarta da buhun shinkafa, ga kuma kamfaninta na injiniyoyi. Ta ce da an gama gasar cin kofin duniya za ta koma Amurka wajen mahaifiyarta, kuma ni take so in riƙe ƙungiyar.

Bakina ya riga ni. Na ce, "A'a Madam, ni wa? Akwai manya." Haka Inna ta koya mana, ko yunwa na cinka ba ka miƙa hannu a tayin farko. Sai ta ce, "To, khalas, shi ke nan," ta ci gaba da naɗe ledoji. Wallahi ina so! Shekara biyu ina gina mana kicin a raina, har ƙamshin tukunyar nake ji.

Da za ta shiga mota, ta juyo tana murmushi. "Hauwa, kakata a ƙasar Sin ko shayi ba ta karɓa sai an yi mata tayi sau uku. Saura biyu."

Allah ya kai mu Juma'a mai zuwa, ranar rabo. Na biyun ma zan ƙi, amma a hankali, yadda za ta gane.