Yatsa Nawa Kike Bari, Inna?

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, tana barinki taka keken ɗinki? Ya Baba da Auta? Ni lafiya lau, sai dai kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya.

A kamfanin nan kayan yara muke zanawa. Sau biyu uwar ɗakina tana kirana ofis, wai ina ɓarnar yadi, don duk rigar da na yanka sai na bar saura a kalmasa. Na ce, "Yaro girma yake yi, baɗi a warware." Ta ce, "Baɗi su sayi sabuwa. In kin ƙara, ki nemi wani wurin."

Wallahi na gwada, Inna, almakashin ne ke kaucewa da kansa. Ni da na yi shekara huɗu da rigar makaranta ɗaya, kina sakar mini kalmasa duk hutu, ya zan yanka cif-cif?

Na zana nawa samfurin rigar, mai saura a kalmasa. Ran Litinin zan ajiye wa uwar ɗakina a tebur, ko ta karɓa ko ta kore ni. Ki sa ni a addu'a, kar Baba ya ji tukuna. Ki sa Auta ya rubuto mini da wuri: yatsa uku kike bari a kalmasa, ko huɗu?

'Yarki