Dogo Ya Ciji Karen Agali

Zuwa ga ƙanena Issufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Tahoua sai godiya.

Ranar Lahadi Dogo, karen da ka bar mini, ya ciji karen da ke tsare wa Agali makiyayi tumaki a wuya, har karen ya kasa fita kiwo. Maimakon in bi shi gida in ba shi haƙuri, sai na miƙa masa katin allurar Dogo gaban jama'a. Ya ce, "Malam, takarda za ta kori dila?" Shekara talatin ina koyarwa a lakkal, abin da na iya ke nan.

Yanzu unguwa na cewa Dogo ya haukace, a kashe shi. Na ɗaure shi bayan ɗakina. Mai unguwa ya ba ni zuwa Juma'a, in Agali bai haƙura ba, zai zuba ido a kashe Dogo.

Agali yana jin maganarka. Don Allah ka kira shi. Tun rasuwar uwar yarana, Dogo kaɗai ke miƙewa in na shigo gida.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a.

Yayanka,
Abdu