Rabon Mardiya a Saƙar Zuma

Kebbe, Satumba 1960

Zuwa ga maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya mutanen Tambuwal? Mu lafiya lau, sai autarmu Mardiya. Baƙon dauro ya sake ta, amma ya bar ta ƙashi da fata.

Malamar asibiti ta ce a ba ta nama da ƙwai. Ina muka gan su kafin kaka? Na faɗa mata yadda Goggo ke yi wa yaran da suka tashi daga ciwo: idan an sauke amya, sai ta ware saƙar nan mai rawaya, wadda ƙudan zuma ke cusa garin fure a ciki, ta dama a kunu. Malamar ta ce garin furen na ɗauke da abin gina jiki irin na wake, a ci gaba da ba ta.

Yayanka Maccido zai sauke amyoyinka ran Juma'a. Na roƙe shi ya ware mini saƙar.

Matarka,
Zahara'u

Kebbe, Oktoba 1960

Zuwa ga maigida,

Ina gaisuwa, don gaisuwa wajibi ce. Ya gajiyar biki?

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Maccido ya matse zumar duka, ya tace ta da ƙyalle, ya zubar da saƙar mai rawayar a bayan danga, tururuwa suka yi walima. Na fito zan yi masa tas, sai ya ce umarninka ne. Wai ka aiko kana son zuma garau, marar gari, da za ka kai wa shugaban ofishinku ran bikin 'yancin kai. Kuma bayan wasiƙata ta same ka ne ka aiko!

To, madalla. Ina fata ya lashe har yatsunsa.

Goggo da tsufanta ta taka har Jabo, gida gida tana tambayar mai ragowar saƙa. Ta samo ɗan guntu a ƙoƙo, da shi muke lallaɓawa. Sake sauke amya kuwa sai bazara.

Mai kawo maka wannan takarda zai ba ka ƙulli. Awarwaron da ka sayo wa Mardiya da Ƙaramar Salla ne, wanda sai da sabulu muka sa mata shi. Jiya ta miƙa hannu za ta karɓi kunu, ya zame ya faɗi cikin ƙwarya.

Ka ajiye shi kusa da kwalbar zumarka.

Matarka,
Zahara'u