Barewa Na Mutuwa a Bakin Tafki

Zuwa ga yayata Verna,

Shekara uku ke nan rabona da gida, amma kullum kuna raina. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hollis da yara, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya.

Yaya, naman barewar da na saba aiko muku ba zai zo bana ba, ni ma ba zan zo ba. Annoba ta shiga barewar dajin nan na Dakota. Wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke ƙyanƙyashewa a taɓo ne suke yaɗa ta. Zazzaɓi ya kama dabba, ta gangaro neman ruwa, ta mutu kanta tsome a cikin tafki. Yanzu da hanci muke gano mushensu.

Lokacin da fari ya tsananta, Delmar, mai gandun da nake yi wa maharba jagora a ciki, ya sa aka haƙa tafkuna don barewa su sha. Tausayi ne ya sa shi, ba zan zalunce shi ba, amma taɓon ya zama gidan ƙudaje. Na cike ramukan da ƙasa, ina jan ruwa da mota zuwa kwamin ƙarfe a kan tudu. Bayana kamar ba nawa ba.

Jiya Delmar ya ce maharba sun matsa, in kai su tudun su harbi abin da ya rage. Na ce in wari suke so zan kai su inda mushen yake su shaƙa. Ya ce tun yaushe na zama faston barewa, ko nono zan ba su? Ya yi ta faɗa, daga baya ya sallami maharban, ya ce to, ni ma babu ladan kakar bana. Ban ga laifinsa ba, shi ma asara ya yi. In na tafi kuwa babu mai jan ruwa.

Ki ce wa Mama, ita da ta saba roƙon Allah ya jinkirta sanyi saboda tumatirinta, bana ta juya addu'ar. Ranar da raɓa ta daskare ƙudajen za su ƙare.

Ki gaishe ta, ki gai da Kawu Purvis da 'yarki Opal, ki ja mini kunnenta a hankali. Abin da na iya tsirarwa dai cikin barewar ga shi: mata goma sha ɗaya, 'ya'ya huɗu, da tsohon namiji guda mai karyayyen ƙaho.

Ƙanenki,
Orrin