Ƙofar Gwaggo Tsohuwa

Dayi, 9 ga Disamba, 1963

Zuwa ga Yaya Mamuda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Laraba da yara. Yaya aiki a gidan gurzar auduga? Allah ya taimaka. Ka yi haƙuri da rubutuna, iya abin da ajin yaƙi da jahilci ya ba ni ke nan, ga shi kuma da fushi nake yi.

Bayan haka, ka sani tun da ɓarin jikin Gwaggo Tsohuwa ya shanye ni ke ɗaga ta, ni ke wanke ta, ni ke ba ta abinci a baki. Ba alfahari nake ba, ita ta goye ni bayan rasuwar Inna. Abin da ya sa nake iyawa ina gidan miji shi ne 'yar ƙofar nan ta bayan gidan mijina Isyaku, wadda in na sunkuya na fita sai ga ni a tsakar gidanta. Ko tuwo na ɗora, in na ji tarinta nakan leƙa in dawo bai kama ba. To, wannan ƙofar za a toshe.

An saci awaki a unguwarmu, aka kuma kwashe wa Mati auduga. Sai wani malamin En'e, ma'aikacin hukuma, ya zo daga Malumfashi, ya ce a kafa kwamiti, mutanen unguwa su tsara unguwarsu da kansu, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ashe kowan nan masu gemu ake nufi. Suka taru a ƙofar gidan mai unguwa, suka naɗa babban wanmu Yaya Labo shugaba. Shawarar da suka yanke ita ce a haɗe katangun baya duka su zama ɗaya, a liƙe kowace ƙofar baya da kowane lungu, mashiga ta zama guda, ta wajen masallaci. Suka bi da igiya suna kafa turaku. Igiyar ta ratsa tsakaninmu da Gwaggo, gidanta ya faɗa waje, shi da juji da kududdufi.

Duk waɗanda suka zauna ɗin nan babu wanda ya taɓa bin ƙofar baya, sai dai lokacin da yake goye. Hanyarmu ce mu mata. Ta nan ake ɗibar wuta, ta nan ake aron turmi, ta nan ungozoma ke shigowa. Ba a tambayi ko mace ɗaya ba.

Na zaunar da Isyaku na karanta masa abin da zai faɗa, har ya ce to. Ya je ya zauna can baya ya sunkuyar da kai har aka shafa fatiha. Da na tambaye shi sai ya ce, "Haba Tani, ta yaya zan tsinka wa Yaya Labo magana cikin mutane? Surukina ne fa." Na dube shi, wallahi ko tuwon da na ajiye masa sai da na ji ƙyashinsa.

Don Allah ka rubuta wa Yaya Labo. Ba katangarsu na ce a fasa ba, ƙofa ɗaya nake roƙo, wadda ko akuya sai ta rage tsawo.

A gaida kowa. Ni ce ƙanwarka,
Tani

*

Dayi, 18 ga Disamba, 1963

Zuwa ga ƙanena Malam Mamuda,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da tambayar lafiyar iyali, takardarka ta iso, na kuma fahimci abin da ke ciki.

Ina sanar da kai cewa ba a yi wa kowa kama-karya ba. An kira kowane maigida a unguwar nan, an ba kowa dama, ba a sami wanda ya ja ba, har shi Isyakun. Game da cewa ba a tambayi gidan Gwaggo ba, gidan da babu namiji a cikinsa wa za a aika wa? Wannan ba laifin kwamiti ba ne.

Ka sani kuma Gwaggo har gobe tana kan hanyarta ta Maguzanci, wadda mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Mutane na zuwa mata gaisuwa daga ƙauyuka, ba mu san su ba, wasu da warin giya. Ban ce su ne ɓarayin ba. Amma ni ne shugaba, idan aka bar ƙofa a daidai wurin, me za a ce da ni? Kuma in aka buɗe wa mutum ɗaya, gobe kowace mace za ta zo da tata tsohuwar.

Ban yar da ita ba. Na aika mata cewa akwai ɗaki a gidana, in za ta bar tukwanenta da abubuwan da take yi a gindin tsamiya. Amsar da ta aiko mini ba ta rubutuwa. Batun abinci kuwa, ko yaro aka ba sai ya zagaya ya kai.

Tani tana da zafin kai tun tana ƙarama, karatun nan kuma ya ƙara mata. Ka ja mata kunne. Sha'anin tsarin gari ba na mata ba ne, ko da yake dominsu ake yi.

Haza wassalam.
Malam Labo,
Shugaban Kwamitin Unguwa

*

Funtua, 22 ga Disamba, 1963

Ƙanwata Tani,

Ina gaishe ki, ina gaida Isyaku, ki durƙusa mini wajen Gwaggo. Laraba na gaishe ki.

Na rubuta wa Yaya, ya amsa, ya ce ba zai yiwu ba. Ni ma abin bai yi mini daɗi ba, amma kin san halinsa, in aka matsa masa ƙara taurarewa yake. A ganina ki bari ƙurar satar nan ta lafa tukuna. Katangar ƙasa ce, abin da aka liƙe yau ana iya buɗe shi gobe. Kafin nan ki nemi izinin Isyaku ki riƙa zagayawa, a kuma riƙa ba yaro abinci ya kai.

Da na zo da kaina, to amma lokacin kasuwar auduga ne, motoci a jere suke har bakin titi, ko Juma'a da kyar muke samu. Ga sabulu da man zafi nan na ba direba ya kawo wa Gwaggo. Ki yi haƙuri, ki kuma rage faɗa.

Yayanki,
Mamuda

*

Dayi, 12 ga Janairu, 1964

Yaya Mamuda,

Ina gaisuwa. Sabulu ya iso, ya kuwa yi amfani, za ka ji dalili.

An toshe. Gayya aka yi, da kiɗa da fura, sai ka ce abin arziki. Ina tsakar gida ina jin ana ɗora tubali ana yaɓe, Gwaggo daga can tana kira, "Tani, me ake yi? Wa ya mutu ake kiɗa?" Isyaku da kansa ya kwaɓa ƙasar. Da aka gama har ya ja baya yana duba ko ta miƙe.

Kai da Yaya Labo duk kun ce a ba yaro abinci, kamar kun haɗa baki. Yaro zai ɗaga ta? Yaro zai juya ta, ya sake mata zane? Ku maza kuna tsammani tsoho ciki ne kawai.

Yanzu in zan je sai na fita ta zaure, na bi ta gaban masallaci, na wuce mahauta, na zagaye kududdufi. Isyaku ya ce ba zai iya jin kunyar a ga matarsa a hanya da rana ba, don haka ya yarje mini bayan asuba da bayan magariba. Tsakanin nan kuwa sai dai ta yi ta kwanciya yadda na bar ta.

Ran Talata da hantsi ina tankaɗe na ji ƙarar faɗuwa, na ji tana kirana. Ga ni ga ta, katanga ce kawai. Na yi ta cewa ina zuwa. Isyaku ya tafi kasuwar auduga, na jira ya dawo ya ba ni izini, na jira, har muryarta ta fara dushewa. Da aka kira azahar na yafa mayafi na fita. Maza cike da ƙofar masallaci suna alwala, na ratsa su ban gaida kowa ba.

Yaya, na same ta a ƙasa tsakanin gado da bakin ƙofa. Ta so ta jawo gwangwanin da take kama ruwa ne ta zame. Ta ɓata jikinta, ta kwanta a ciki tun hantsi, ƙuda sun rufe ta, kaji sun shigo suna tsattsage kunun da na bar mata. Ba ita na ji ƙyama ba, Allah ya sani. Ina wanke ta ina tuna fuskokin mutanen nan da na wuce, kowa na goge tsakanin yatsun ƙafarsa kada ya bar datti, su na ji ƙyama. Ita ko ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "'Yar nan, bar ɓata hawayenki. Su Labo sun riga sun kai ni bayan gari, jira kawai suke in cika."

Ka san abin da ya biyo baya? Kwamiti ya zauna. Na ce alhamdu lillahi, labari ya kai musu, za su buɗe. Ashe a kaina aka zauna. An yanke cewa Isyaku ya tsawata wa iyalinsa, don fitar mata da rana na cikin abin da ke lalata unguwa. Na aika musu ta bakin matar mai unguwa cewa su zo su ga Gwaggo da idonsu, aka ce ba ya cikin abin da aka taru a kai. Isyaku ya dawo ya ce in na sake sai dai in wuce gidanmu. Gidanmu fa, wato gidan Yaya Labo. Na yi dariya har ya tsorata.

Tun ranar nan kuwa ba a fasa sata ba. Shekaranjiya an ɗauke wa Jibo tunkiya, ta mashigar masallacin aka fita da ita.

Ni dai ba zan bar ta ta ruɓe ina jin muryarta ba, ba kuma zan iya raba kaina biyu ba. Ka ce in rage faɗa. To na rage, yanzu kai ka yi wani abu.

Ƙanwarka,
Tani

*

Funtua, 2 ga Fabrairu, 1964

Ƙanwata Tani,

Barka da shan ruwa, yaya azumi? Mun iso lafiya, ko da yake motar ta wahalar da Gwaggo.

Na san ba haka kika so ba, na ga yadda kika juya baya da muka ɗauko ta. Amma na sake yi wa Yaya magana ido da ido, ya ce hukuncin jama'a ne, shi kaɗai ba shi da ikon taɓa ko tubali ɗaya. Ban ga wata dabara ba sai in kawo ta nan.

Mun ba ta ɗakin da ke kusa da namu, Laraba na iyakar ƙoƙarinta. Sai dai ba ta cin abin kirki. Ƙarar injin gurza na hana ta sakewa, ta ce garin nan ko tsuntsu ba a ji. In an taɓa ƙofa sai ta ce, "Tani ce?" Abin da ya fi damunta shi ne ta bar kushewar mijinta a bayan ɗaki ba mai share ta. Kullum in na dawo aiki tambayarta ɗaya ce, an buɗe ƙofar? Ta sa na yi mata alkawari ranar da aka buɗe zan mai da ita ɗakinta, don can take so ta cika. Na yi alkawarin, don na san ba buɗewa za a yi ba. Ban ji daɗin kaina ba da na faɗa.

Yaya ya ce kada mu damu da gidan da garkarta, 'yar gonar nan tata ta bayan gida, zai kula da su.

Ki gaida Isyaku, in kuna magana.

Yayanki,
Mamuda

*

Dayi, 8 ga Maris, 1964

Yaya Mamuda,

Ina gaishe ka, ina gaida Laraba, Allah ya saka mata.

Jiya an fasa katangar, a daidai inda ƙofata take. Faɗin wurin da aka fasa amalanke na wucewa da shanu biyu. Yaya Labo ne zai riƙa kai taki garkar Gwaggo, zagayen ya yi wa shanunsa nisa. Kwamiti ya zauna, kowa ya faɗi ra'ayinsa, ba wanda ya ja. An ce wannan karon har Isyaku ya yi magana.

Na leƙa da safe. An cire ƙyauren ɗakinta, a ciki ake ɗaure shanun.

In Gwaggo ta tambaye ka yau ko an buɗe ƙofar, ka ce mata ba a buɗe ba.

Tani