Tsohuwar Kwamfutata da Hannun da Ya Fara Rawa

Malam mai fili, a taimaka wa tsoho da shawara kan wata magana da na daɗe ina ji ina taɓe baki. Wai akwai ɗan cif, irin ƙwayar nan ta cikin kayan lantarki, da ake sayarwa fanko, ka rubuta masa abin da zai zama, ya zama. Wanda ya fara gaya mini wani mai kantin kayan lantarki ne, mutumin da in ya ce gari ya waye, gara ka leƙa waje tukuna.

Ni mai gyaran rediyo ne da ya ajiye aiki. A ɗakin baya ina da tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake jona wa talabijin. Cikin tarkace na tsince ta, na bi allon cikinta waya-waya har ta fara rubutu. Sai cif ɗin da ke nuna wa sauran lokacin da kowanne zai yi magana ya mutu, kuma an daina ƙera irinsa tun uwar yara tana amarya. Da a da ne, sai in haɗa madadinsa da ƙananan cif a yini guda. Yanzu hannu rawa yake, dalma tana ɗiga inda ba a gayyace ta ba. Uwar yara kullum sai ta tambaye ni ya mai jiki, wato kwamfutar.

Na dai sayo abin a ɓoye, FPGA sunansa. Na jona shi kai tsaye, ya gaishe ni da ƙauri. Ban san ta inda ake farawa ba, kuma ba na son in tafi in bar ta gawa. Akwai wanda ya iya, ya sha maimaita mini cewa zancen gaskiya ne, ni kuwa ina kawar da kai. Yaya zan zauna ɗalibi gabansa? Mijin 'yata ne.

Tsohon mai gyara

Baba, zancen gaskiya ne, kuma ƙaurin nan ba laifin tsufa ba ne. Kwamfutarku wutar volt biyar take sha, yawancin sababbin nan kuwa uku da ɗoriya suke ɗauka. Ku nemi ƙanensa da ake kira CPLD, wanda takardarsa ta ce yana jure biyar. Ya ishi wannan aiki, ya kuma fi sauƙin sha'ani.

Kada ku kai shi jikin kwamfutar tukuna. A kan tebur, ku sa ya kunna 'yar fitila ya kashe. Sannan ya koyi ƙirga. Sai hakan ta zauna za ku rubuta madadin wanda ya mutu, ku gwada shi a manhajar gwaji kafin ya ga wuta. Abin da ake rubutawa ba umarni ba ne bi da bi, bayanin wayoyi ne, komai yana aiki lokaci guda kamar a allonku. Nan masu koyo suke tuntuɓe, ku kuwa a nan kuka tsufa.

Sai batun suruki. Nauyin da kuke ji ba aibu ba ne, girma abin tattali ne. Amma ku duba ta gefensa. Mutumin da ake kawar wa kai yana dawowa da magana ɗaya, ba iyawa yake son nunawa ba, ƙofar ɗakin baya yake ƙwanƙwasawa. Ba sai kun ce masa ya koya muku ba. Ku ce ya zo ya riƙe muku ƙarfen dalma. Shi ya san rubutun, ku kun san allon, kowa zai yi tambaya, ba wanda zai ji kunya.

Allah Ya ƙara lafiya, Baba, Ya ba hannu natsuwa. Ku aika a kira surukin tun cikin makon nan, kuma ku ajiye masa kujera kusa da taku.